Daga Tarauni Zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya: Ƙananan Jami'ai da Harkokin Matasa



1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Zariya da hantsi, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, zai ga abu biyu suna wuce juna. Na farko shi ne jerin 'yan adaidaita sahu, galibinsu samari, suna kai da komo tsakanin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tashar Unguwa Uku. Na biyu kuwa, jifa-jifa, farar mota ce mai ɗauke da tambarin wata ƙungiya ta duniya, gilashi a rufe, ta nufi wani taro ko wata ƙaramar hukuma. Sau da yawa aikin wanda ke zaune a cikin farar motar shi ne ya rubuta rahoto a kan rayuwar wancan mai tuƙa adaidaita: me yake ci, me ya hana shi karatu, me za a yi masa. A kan wannan rahoto ake tsara shiri, a kansa ake ware kuɗi.

Wannan lacca za ta duba hanyar da ke tsakanin waɗannan mutane biyu. Watau, yaya ɗalibin da ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi, ko Darmanawa, ko Daurawa, zai kai ga muƙamin ƙaramin jami'i mai kula da harkokin matasa a ƙungiyoyin duniya? Waɗanne ƙofofi ke buɗe masa, waɗanne ke rufe? Me kuma ya rataya a wuyan ma'aikatan gwamnati? Tambayoyin suna da nauyi, domin ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 221,000 a ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai, kuma fiye da rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 20 da haihuwa ba. Idan ana yanke shawara a kan jama'a mai wannan yawa ba tare da ɗaya daga cikinsu a ɗakin ba, to, an yi aski a bayan mai kai.

2.0 Wane Ne Matashi?

Ya kyautu a fara da kalmar kanta, domin a nan saɓani yake farawa. Majalisar Ɗinkin Duniya, wajen lissafinta, tana ɗaukar matashi daga shekara 15 zuwa 24. Yarjejeniyar Matasan Afirka, wadda aka amince da ita a Banjul cikin 2006, ta ja zancen daga 15 zuwa 35. Manufar Matasa ta Nijeriya ta 2019 kuwa ta tsaya a kan 15 zuwa 29. Ke nan mutum ɗaya, mai shekara 30, matashi ne a Addis Ababa, amma a New York ya wuce wurin.

Bahaushe kuwa ba da shekaru yake awo ba. Shi a wurinsa aure ne iyaka. Namijin da ya kai talatin bai ajiye iyali ba, har yanzu ba a sa shi a sahun magidanta. Yarinyar da aka ɗaura wa aure tana da shekara 17 ta fita daga jerin 'yammata tun ranar da aka kai ta, ta zama matar aure, da wuya kuma a gan ta a wani taro da aka kira na matasa, alhali a takardar Majalisa ita ce matashiyar da ake nema. Jami'in da bai san wannan ba zai kira taro a ɗakin otal, samari 'yan boko su cika kujeru, ya koma ya rubuta cewa ya ji ta bakin matasan Kano. Wanda ya sani kuwa zai nemi izinin maigida, ya tura mace ta shiga gida, ko ya bi ta makarantar Islamiyya ta matan aure.

Har ila yau, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tsara al'amuran matasa. Akwai sarautar Sarkin Samari, akwai aikin gayya, akwai kuma ƙungiyoyin unguwa na taimakon kai da kai masu yashe kwata da gyaran maƙabarta. Abin da ya zo sabo shi ne mayar da wannan hidima aikin ofis, mai albashi da matakai.

3.0 Yadda Harkar Matasa Ta Sami Ofis

An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, Nijeriya kuma ta shiga ranar 7 ga Oktoba, 1960, ta zama ƙasa ta 99. Amma an daɗe kafin matasa su sami babi nasu. Majalisa ta keɓe 1985 ta zama Shekarar Matasa ta Duniya. Bayan shekara goma, cikin 1995, ta amince da wani babban shiri na ayyuka domin matasa, sa'an nan a 1999 ta tsayar da 12 ga Agusta ta zama ranarsu kowace shekara. A 2013 aka naɗa wakilin Babban Sakatare na farko kan matasa, Ahmad Alhendawi na ƙasar Jodan. Cikin Disamba 2015 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250, wanda ya amince cewa matasa suna da rawar takawa wajen samar da zaman lafiya. Daga bisani, a 2022, Babban Taro ya kafa cikakken Ofishin Matasa, aka kuma ɗora Felipe Paullier na ƙasar Uruguwai a kansa cikin 2023.

Sai dai kada mai sauraro ya zaci a wannan ofis ɗaya aikin ya tsaya. Mafi yawan aikin matasa yana warwatse ne a sauran hukumomi: Asusun Yara, watau UNICEF, da Asusun Yawan Jama'a, da Hukumar Raya Ƙasashe, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, da Ofishin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi. Bayan su ga Tarayyar Afirka, ga kuma ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wadda ta kafa nata shirin matasa tun 1973, shekarar da Nijeriya ta ƙirƙiro aikin bautar ƙasa.

To, me ƙaramin jami'i yake yi a irin waɗannan wurare? Galibin aikinsa rubutu ne da lissafi. Shi ke tattara alƙaluma, shi ke tsara takardar neman kuɗi, shi ke rubuta bayanin taro, shi ke bin sawun yadda aka kashe abin da aka bayar, shi ke shirya jawabin da shugaba zai karanta. Sunansa ba ya fitowa a jarida, amma da wuya takarda ta kai teburin shugaba ba ta bi ta hannunsa ba. Alal misali, binciken da Ofishin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya kimanta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi mu'amala da ƙwaya cikin shekara guda. Adadi irin wannan ba ya samuwa sai da ɗimbin ƙananan ma'aikata masu tsara tambayoyi, da fassara su, da tace amsoshi.

4.0 Ƙofofin Shiga

Kafin a lissafa ƙofofin, tilas a rarrabe aiki iri biyu da mutane kan haɗa. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya taɓa zama wakilin Nijeriya a Majalisa, da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Babban Taro daga 2019 zuwa 2020, Nijeriya ce ta tura su, da yawunta kuma suka yi magana. Ma'aikacin Majalisa dabam yake. Sashe na 100 na kundin Majalisa ya hana shi karɓar umarni daga kowace gwamnati, har da ta ƙasarsu. Sashe na 101 kuwa ya sa ƙwarewa da riƙon amana su zama ma'auni na farko, tare da lura da cewa a ɗauko ma'aikata daga sassan duniya daban-daban. Irin wannan aiki Kofi Annan na Gana ya kama a 1962, yana ƙaramin jami'in kasafi a Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, ya yi ta hawa har ya zama Babban Sakatare a 1997.

Ƙofa ta farko ita ce shirin ƙananan jami'ai, wanda aka fi sani da haruffan JPO. Asalinsa ƙasar Holan ce ta fara tura matasan ƙwararrunta Hukumar Abinci da Aikin Gona a 1954. Tsarinsa shi ne gwamnati ta biya albashi da dukkan ɗawainiyar matashi, Majalisa kuma ta ba shi kujera, galibi a mataki na P-2, na tsawon shekara biyu ko uku. Akan nemi digiri na biyu, da aikin shekara biyu, da kuma shekarun da ba su wuce 32 ba ko kusa da haka. Tun da mai biya shi ke zaɓe, yawancin kujerun na 'ya'yan ƙasashe masu kuɗi ne, ko da yake Holan da wasu ƙalilan sun sha keɓe gurabe ga 'yan ƙasashe masu tasowa. Ba a ba wa kowa tabbacin aiki bayan wa'adi, amma wanda ya shekara biyu a cikin gida ya san hanyoyinsa, ya san mutane, ya riga na waje nisa.

Ƙofa ta biyu jarrabawa ce, watau shirin YPP, wanda ya maye gurbin tsohuwar jarrabawar ƙasashe a 2011. Wannan ba ya neman a yi aiki a baya. Digiri na farko ya wadatar, muddin mutum bai wuce shekara 32 ba, kuma ya iya Ingilishi ko Faransanci sosai. Sharaɗinsa mai tsauri shi ne ba kowace ƙasa ke shiga ba, sai waɗanda 'ya'yansu ba su cika kasonsu na kujeru a Sakatariya ba. Jerin yana sauyawa kowace shekara, saboda haka abu na farko shi ne a duba ko sunan Nijeriya yana ciki.

Ƙofa ta uku ita ce zaman koyon aiki. A Sakatariyar Majalisa an daɗe ba a biyan masu wannan zama ko anini. Cikin 2015 labarin wani saurayi ɗan Niyuzilan ya karaɗe duniya, domin an same shi yana kwana a tanti a Janiba saboda tsadar haya. Idan haka ta sami ɗan ƙasa mai arziki, ina ga ɗan malamin firamare daga Unguwar Gano?

Ƙofa ta huɗu aikin sa kai ne mai alawus. Majalisa ta kafa hukumar 'yan sa kai tata a 1970, tana kuma ɗaukar mutum ya yi aiki a ƙasarsu ko a waje. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da rundunar matasa 'yan sa kai a Abuja cikin Disamba 2010, inda ake tura matashi wata ƙasar Afirka na wata 12. Nijeriya ma tana da nata shirin taimakon ƙwararru tun 1987, mai tura malamai da likitoci da sauransu ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu.

Ƙofa ta biyar, wadda aka fi rainawa, ita ce mafi kusa: muƙaman 'yan ƙasa a ofisoshin da ke nan gida. Hukumomin Majalisa suna da rukunin jami'ai 'yan ƙasa, wanda ba a ba wa baƙo, domin aikin yana bukatar sanin harshe da al'ada. UNICEF tana da ofishi a Kano. Ƙofa ta huɗu da ta biyar su ne ɗan Tarauni ke iya taɓawa da hannunsa, daga nan kuma ake hango sauran.

5.0 Abin da Ɗan Unguwa Ya Mallaka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tarihin Kano na kusa ya tabbatar da haka. A 2003 aka dakatar da allurar shan-inna a jihar saboda zargin da ya yaɗu a kanta, ba a ci gaba ba sai cikin Yuli 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama. Magani yana nan, kuɗi yana nan, abin da aka rasa shi ne yarda. An dawo da yardar ne ta hannun sarakuna da malamai da masu unguwanni, da kuma ɗimbin mata 'yan sa kai waɗanda suka riƙa shiga gida gida suna magana da harshen masu gida. Cikin Yuli 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin cutar ta kama a jihar, a Sumaila, kuma a Agusta 2020 aka shaida nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Misali na biyu: cikin Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana sana'ar acaɓa. Dalili na tsaro ne, amma a dare ɗaya dubban samari suka rasa abin yi. Wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi a lokacin ya ga yadda wasu suka koma adaidaita sahu, ya san yadda ake karɓar abin hawan bashi ana biya kullum, ya san kuma waɗanda suka koma zaman majalisa a bakin titi. Duk shirin samar da aikin yi da aka tsara ba tare da irin wannan sani ba, gini ne a kan toka.

Bayan wannan akwai harshe. Majalisa tana da harsuna shida na hukuma, Larabci kuwa yana cikinsu tun 1973. Kano gari ne da karatun Larabci ya daɗe da kafuwa, kuma ɗalibin da ya goge Larabcinsa ya riƙe wani makami da abokan takararsa da yawa ba su da shi. Hausa kanta, ko da yake ba ta cikin shidan, ita ce harshen aiki daga Kano har Maraɗi da Damagaram.

6.0 Abin da Ya Rasa

Gaskiya ɗaci gare ta. Abu na farko da ke kayar da ɗalibi shi ne rubutu. Mai neman wannan aiki tilas ya iya taƙaita rahoto mai shafi hamsin a shafi ɗaya, cikin Ingilishi tsaftatacce, ya kuma iya karanta jadawalin alƙaluma. Na biyu Faransanci ne. Shi da Ingilishi su ne harsunan aikin Sakatariya, maƙwabtan Nijeriya kuma galibi da shi suka yi karatun boko, amma kaɗan ne daga ɗaliban Kano ke kula shi, alhali gwamnati tana da cibiyar koyar da shi a Badagiri tun 1991.

Na uku shi ne rashin shaida. Saurayi zai shekara uku yana sakataren ƙungiyar unguwa, ya haɗa kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, ya sasanta rikicin 'yan daba, amma in aka ce ya nuna a takarda sai ya rasa. Mai tace takardu a Nairobi ko Janiba bai san mahaifin kowa ba, abin da aka rubuta kawai yake gani. Saboda haka duk hidimar da aka yi a rubuta ta: ranar farawa, yawan mutanen da aka yi wa aiki, kuɗin da aka riƙe, da sunan wanda zai ba da shaida. Tun da galibi aikin da aka yi bayan digiri ake lissafawa, shekarar bautar ƙasa da biyun da ke biye mata su ne jari, bai kamata a ɓatar da su a zaman jiran tsammani ba.

7.0 Nauyin Ma'aikatan Gwamnati

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikatan da ke wannan zaure suna riƙe da abubuwa uku. Na ɗaya, labari: sanarwar guraben aiki da ta karatu takan iso ofis, kuma amana ce a fitar da ita kafin wa'adi ya wuce, a manna ta inda ɗan talaka zai gani. Na biyu, dama: kowane shiri na haɗin gwiwa da ƙungiyoyin duniya yana da jami'in gwamnati mai kula da shi, in aka haɗa shi da ƙaramin ma'aikaci mai ƙwazo, aka bar shi ya rubuta rahoto da hannunsa, an ba shi horon da kuɗi ba ya saye. Na uku, kasafi: ƙasar da ke son 'ya'yanta a shirin ƙananan jami'ai ita ke biya, kuma in za a biya, jarrabawa ce ya kamata ta fitar da wanda za a tura. Kujerar da aka ba ɗan wane saboda sunan uba, ƙasa ce za ta ji kunyarta a bainar jama'a.

Aikin gida ma hanya ce. Hajiya Amina Mohammed ta yi shekaru tana kula da muradun ƙarni a ofishin shugaban ƙasa, ta zama ministar muhalli a 2015, kafin a naɗa ta mataimakiyar Babban Sakatare a 2017.

8.0 Kammalawa

Akwai faɗakarwa uku da ba za a rufe taro ba a yi su ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki, duk wanda ya nemi kuɗin fom ko na horo da sunanta ɗan damfara ne. Sa'an nan aikin ba hutu ba ne: harin bam da aka kai ginin Majalisa a Abuja ranar 26 ga Agusta, 2011, ya hallaka fiye da mutum 20. Daɗin daɗawa, kuɗin waɗannan ƙungiyoyi yana hannun masu bayarwa. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, hukumomin Majalisa da dama kuma suka rage ma'aikata. Mai hikima zai nemi ƙwarewar da za ta ciyar da shi ko da farar mota ko babu ita.

Ƙofofin da ke New York da Janiba ƙunci gare su, wasu ma da kuɗin gwamnatoci ake buɗe su. Amma tsanin da ake hawa a kai gare su a unguwa yake jingine: littafin minitin ƙungiya, ajin Faransanci na yamma, aikin riga-kafi, rahoton da aka rubuta da kyau. Wanda ya hau ya kai, abin da za a auna shi da shi ɗaya ne, watau ko mai adaidaitan nan na Titin Zariya, da matar auren nan mai shekara 17, za su gane kansu a cikin takardar da ya rubuta.

Allah ya sa a dace.